Sunan da Na Ba Sale Aro

Lahadi, 10 ga Agusta, bayan azahar

Sale bai zo jiya ba. Tun da ya fara leburanci a ginin nan na hanyar Karshi can yake kwana, amma Asabar ba ta taɓa wuce shi ba. La'asar na yi zan jiyo shi tun daga bakin lungu yana tsokanar mai shayi, ya shigo ya yar da takalma ya ce, "Bawana, me ka dafa wa ubangidanka?" Ɗan Gwaggo ne, ƙanwar babana, don haka bakinsa a kaina halal ne. Shekara talatin da takwas, 'ya'ya huɗu, amma wasan taubasai bai sake shi ba.

Na dafa shinkafa da wake na mutum biyu. Na ci nawa. Nasa ya kwana ya yi tsami.

Wayarsa a kashe take. Ruwa ake yi tun ranar Alhamis, wataƙila caji ne ba su samu ba.

Litinin, 11 ga Agusta, shida na safe

A kashe.

Talata, 12 ga Agusta, bayan la'asar

Bari in rubuta wannan sau ɗaya, ko na daina juya shi a kai.

Shekara goma sha huɗu ke nan da na baro ƙauyenmu ta wajen Matamaye, a Nijar. Ban yi fili a Abuja ba, ban yi shago ba. Ɗaki ɗaya ne a Karmo, shi ma na haya. Abin da na tara suna ne. Ilyasu Mamman mai gyaran fulawa: a unguwar Gudu gidaje bakwai sun san shi, masu gadi suna buɗe masa ƙofa ba tambaya. Da kuma katin shaida mai hotona da lambata, wanda na yi shekara uku ina bin layi kafin ya fito. A garin nan in ba ka da kati, ko bulo ba za a bar ka ka ɗauka a babban kamfani ba.

Mu 'yan can muna da dabararmu. Sabon zuwa ya ari katin tsohon zuwa, ya yi aiki da shi har ya samu nasa. Hotunan duk sun koɗe, kuma mai rubuta suna ba fuska yake kallo ba. Ni ma da katin wani na fara. Da Sale ya zo a watan huɗu, gero ya ƙi musu bara, ban yi dogon tunani ba. Gidajen da nake aiki ba sa tambayata kati. Na ciro na ba shi.

Kwana biyu muka yi ina koya masa juyowa. In bari sai ya shagala da wanke kwano, in ce, "Ilyasu!" Ya ci gaba da wankinsa. In jefe shi da takalmi. Ya ce, "Sunan ne da nauyi, kamar mai shi. Kafin ya iso kunnena ya gaji."

Da ya dawo daga cika fom yana ta dariya. Wai an tambaye shi ɗan'uwan da za a nema in wani abu ya faru, sai ya ce a rubuta Sale, ya ba da lambar wayata. "Tunda na zama kai, kai ma ka zama ni. Ka ga ka samu ƙarin girma." Har da ni a dariyar.

Laraba, 13 ga Agusta, sha ɗaya na safe

Baƙuwar lamba. Muryar mace, Hausarta ta 'yan ofis.

"Kai ne Sale, ɗan'uwan Ilyasu Mamman?"

Almakashi na hannuna. Na ce ba nan ba ne, na kashe. Sai daga baya na ga na datse reshen da bai kamata ba.

Alhamis, 14 ga Agusta, bayan magariba

Yau Hajiya Rukayyat ta kira ni har falo. Darakta ce a wata ma'aikata, shekara tara nake kula da lambunta. Na yi mata dashen lemo, na raka direbanta kai yara makaranta, na kwana uku a asibiti lokacin da mahaifinta ya kwanta. Ban taɓa roƙonta komai ba sai abu ɗaya, shi ma sau ɗaya a shekara, bayan sallah.

Ta ce, "Malam Ilyasu, abin nan ya fito. Kamfanin da ke kula da lambun ma'aikatarmu zai ɗauki mutum uku na dindindin. Takardar ɗaukar aiki, albashi, katin asibiti har da iyali. Na sa sunanka. Ranar Alhamis ashirin da takwas, ƙarfe tara, ka je da katinka."

Na durƙusa na yi godiya. Godiyar ta fito daidai, na daɗe ina ajiye da ita. Shekara tara ina jira, sai a wannan satin.

Juma'a, 15 ga Agusta, bayan la'asar

Daga masallaci na hau mota zuwa hanyar Karshi. An zagaye ginin da sabon kwano, dogo, ba ka ganin komai sai kan ƙarafa. Babu ƙarar injin kwaɓa siminti. Masu gadin ma sababbi ne, da karnuka. Matar da ke sayar wa leburori abinci ta kwashe, sai duwatsun murhunta.

Na kira Jonah, mai rubuta sunayen leburori. Bagwari ne ɗan yankin, ya san da zancen katin tun ranar farko ya kau da kai. Ya ce kada in tsaya a ƙofa, in same shi kasuwar Karshi wajen masu doya.

"Ilyasu na gaskiya," ya ce. "Ka zo."

Na ce ina ɗan'uwana.

"Oga, wannan magana, ni ban faɗa maka ba. Dekin na hawa huɗu ya zauna. Ranar Alhamis wancan, lokacin ruwa."

"Ya rushe?"

"An ce kar mu ce ya rushe. Ya zauna."

"Mutum nawa?"

"An ce kar mu ƙirga."

Na ce Sale fa. Ya ɗauki doya ɗaya yana juya ta kamar zai saya.

"Yana asibiti. Ba wajen gado ba. Wajen baya."

Ya ciro 'yar rediyon Sale daga leda ya sa mini a hannu. Eriyarta ɗaure da zaren buhu, yadda ya bar ta. Mai doya ya ce in ba saye za mu yi ba mu matsa masa.

Asabar, 16 ga Agusta, la'asar

Na sake dafa na mutum biyu. Hannu ne, bai ji labari ba.

Lahadi, 17 ga Agusta, bayan azahar

Na je wajen Kure a kasuwar Gudu. Shi ne shugabanmu 'yan can, albasa yake sayarwa, kuma duk wanda ya sauka daga motar Zinder rumfarsa yake fara nema. Katin da na fara aiki da shi, shi ya samo mini.

Ya saurare ni yana ware ruɓaɓɓiyar albasa, bai ɗago ba.

"Ka san mutum nawa ne namu a kamfanin nan da katin aro? Sha ɗaya. Ka je ka ce wanda ke kwance ba Ilyasu ba ne, me kake tsammani? Su ce sannu? Za su riƙe shi sai an gama bincike, wata shida, shekara. Su kama ka. Su kama Bagwarin nan mai 'ya'ya biyar. Su bi sunaye ɗaya bayan ɗaya. Kamfanin ma daɗi zai ji, ya samu wanda zai ɗora wa laifi."

Na ce to in bar shi a can?

"Allah ya san sunansa."

"Gwaggo fa?"

"A ce mata ya wuce Legas. Mutane suna wucewa Legas."

Na ce katina yana hannunsu. Ya ce in yi shiru na wata biyu, in je in ce ya ɓace tun bara, ban san wanda ya tsinta ba. In roƙi Hajiya ta ɗaga mini ranar. An taɓa yi, in ji shi, ya wuce lafiya.

Ban zage shi ba. Kure ba mugu ba ne. Mutum sha ɗaya yake ƙirgawa, ni ɗaya nake ƙirgawa. Amma da zan tafi ya cika mini leda da albasa, na bar ta a kan benci.

Litinin, 18 ga Agusta, bayan asuba

Saƙon murya daga gida, ta wayar maƙwabci. Gwaggo ce.

"Ilyasu, ina gajiya. Ka ce wa wancan shashashan uwarsa ba ta mutu ba, ya kira. Ka ce masa gero ya yi kyau bana, ya fara fitar da kai. Ƙaramar tasa ta yi haƙori biyu. Allah ya yi maka albarka da ka riƙe shi."

Na saurara sau huɗu. Ban amsa ba.

A bayan ɗakin nan ma akwai gero, tushe shida. Sale ne ya zo da irin a aljihu ya shuka a gefen kwata, wai don kada in manta kamanninsa. Na ce masa ƙasar Abuja ba ta san gero ba. Ya kai mini ƙirji yanzu.

Talata, 19 ga Agusta, goma na safe

Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya ina tsaye da tiyo ina ba fulawa ruwa. Hajiya ce ta buɗe taga ta ce, "Malam Ilyasu, lafiya?" Na ce lafiya lau.

Alhamis, 21 ga Agusta, bayan azahar

Lambar nan ta sake kira. Sau uku na bar ta ta katse, na huɗu na ɗauka ban yi magana ba.

"Na san kana ji. Sunana Madam Felicity, daga ofishin kamfani. Ba 'yan sanda ba ne. Asibiti sun ce ƙarshen wata za su kwashe waɗanda ba a zo nema ba, hukuma ta kai su rami ɗaya. Ɗan'uwanka ne. Ka zo ka sa hannu ka ɗauke shi, shi ke nan. Mu ma so muke a gama."

Su ma so suke a gama. Wannan kam na yarda.

Saura kwana goma. Saura kwana bakwai ga ranar da Hajiya ta sa mini.

Juma'a, 22 ga Agusta, bayan la'asar

Jonah ya san mai kula da ɗakin sanyin da ake ajiye gawa a asibitin, wani James, cocinsu ɗaya. Ya shigar da ni ta ƙofar da ake fitar da shara. Na ce gani kawai zan yi, ba ɗauka ba. A raina ina cewa wataƙila wani ne. Leburori suna musayar riga, suna musayar hula.

James ya ce kada in buɗe ta sama. Ya ɗaga ƙyallen ta wajen ƙafa.

Sunana ne, da shuɗin biro, a 'yar takarda ɗaure da babban yatsa. Ban daɗe a kansa ba. Ƙafar na kalla. Tabon hauya a dunduniyar hagu, ni na yi masa shi muna noma a gonar kakanmu, ya yi shekara talatin yana cewa sai na biya diyya.

Akwai siminti a tsakanin yatsun. Ya bushe. Kwana goma sha biyar babu wanda ya zuba masa ruwa. Mutumin da ko shayi zai sha sai ya sake alwala.

A waje Jonah ya ce, "Oga, sori." Na ce ba kai ka zuba dekin ba. Ya ce, "Ni na rubuta suna." Na ce ni na ba da shi.

Asabar, 23 ga Agusta, la'asar

Ban dafa komai ba. Na kunna rediyonsa. Labarin duniya duka sun karanta, ban da gini mai hawa huɗu a hanyar Karshi.

Lahadi, 24 ga Agusta, bayan azahar

Na tambayi Hajiya ko hoton kati zai yi, wanda ke cikin wayata. Ta ce a'a, na ainihi suke so, kuma za su buga lambar a kwamfuta su gani.

"Ba dai ya ɓace ba? In ya ɓace faɗa mini, in roƙa a ɗaga maka zuwa wata mai zuwa. Amma lambar ta fito da tsabta, Malam Ilyasu. Na sa bakina a kanka."

Ga ƙofar da Kure ya ce, a buɗe, ita da kanta ta buɗe. Kalma ɗaya ce: ya ɓace. In samu aikin, matata Umma da yara su samu katin asibiti, in je gida da sallah da takarda a aljihu kamar mutum. Sale kuma ya wuce Legas.

Na ce mata zan duba.

Na yi fushi da shi yau, ba zan ɓoye ba. Wa ya ce ya zo? Wa ya ce ya hau hawa na huɗu ana ruwa? Shekara goma sha huɗu na yi ina gina abu, ya zo ya ara wata huɗu. Sai na tuna ni na ce masa ya zo. Ni na ce akwai aiki.

Litinin, 25 ga Agusta, shida na safe

Na yi alwala, na zo kan yatsun ƙafa na kasa wucewa.

Talata, 26 ga Agusta, bayan azahar

Ofishin kamfanin yana hawa na biyu, sanyi kamar ɗakin gawar nan. Madam Felicity ta ba ni kujera, ta ba ni ruwa. Ba ta da muguwar fuska. Katina yana gabanta, an maƙale shi a jikin fayil, gefensa ya ɗan lanƙwashe.

"Sunanka?"

"Sale."

"Me kake gare shi?"

"Ɗan'uwa."

Na tambaya ko za a ba ni katin, don tunawa. Ta ce ba a bayarwa. Zai bi takardar shaidar rasuwa, a kai inda ake rufe lamba. Ta faɗa kamar mai ba da haƙuri.

Takarda uku ce. Ta uku ta ce iyali ba su da ƙorafi a kan kowa. Ta miƙo biro. Na yi aji shida a lakwal, makarantar boko ta can, na iya sa hannu mai kyau, har Hajiya na yabawa. Amma Sale bai taɓa riƙe biro ba. Na ce ta kawo tawada. Na dangwala sau uku.

Ta kalli hoton katin, ta kalle ni. Ta daɗe. Sai ta ce, "Kuna kama sosai." Ta rufe fayil ɗin.

Laraba, 27 ga Agusta, bayan la'asar

Ni na yi masa wanka. Na fara da abin da aka ce a fara da shi, amma da na zo ƙafa na zauna. Da tsinke na fitar da simintin, yatsa bayan yatsa. Liman bai hanzarta ni ba.

Mutum goma sha tara ne a maƙabarta. Kure ya rufe rumfa ya zo, shi ya kama gaban makara. Jonah ya tsaya daga bakin ƙofa da hularsa a hannu. Direban kamfani yana gefe riƙe da takardu. Liman ya juyo ya ce wa za mu yi wa salla. Kure ya taka mini ƙafa.

Na ce, "Sale ɗan Abdu, na Matamaye."

Direban ya duba takardarsa, ya dube ni, ya ninke ta ya sa a aljihu. Ya shiga sahu.

Sale ya rasu. Ranar Alhamis bakwai ga wata, ana ruwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na kira Gwaggo. Tambaya ɗaya ta yi: "An yi masa sutura?" Na ce da hannuna. Ta ce, "To, alhamdu lillahi." Sai na ji kukan matarsa daga nesa, waya ta katse.

Alhamis, 28 ga Agusta, tara na safe

Ina bakin ƙofar Hajiya. Ba ma'aikatar na tafi ba.

Bayan azahar

Na faɗa mata duka, a tsaye. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Da ka faɗa mini tun farko." Na ce da me za ki yi, Hajiya? Ba da rashin kunya na tambaya ba, so nake in sani.

Ta ce Allah ya jiƙansa. Ta ce a unguwarsu za a fara tantance ma'aikatan gida da lamba a ƙofa, kuma ita ma'aikaciyar gwamnati ce, akwai masu jiran ta yi tuntuɓe. In ɗan huta tukuna, za ta neme ni. Idonta ya kawo ruwa, ba na ƙarya ba. Na nuna wa mai gadi inda nake ajiye almakashi, na ce lemon nan na kusurwa ba ya son ruwa da yawa.

Asabar, 30 ga Agusta, la'asar

Geron ya fitar da kai. Duka shida.

Lahadi, 31 ga Agusta, bayan magariba

Kure ya zo har ɗaki, abin da bai taɓa yi ba. Ya zauna a tabarmar Sale. Ya ce mutum sha ɗayan nan an mayar da su wani gini a Lugbe, babu wanda aka taɓa, Jonah ma yana nan. Ya ce akwai wani lambun sayar da fulawa a hanyar filin jirgi, suna neman wanda ya san dashe, gobe bakwai na safe. Amma suna duba kati.

Ya ajiye wani kati a kan tabarma. Na wani dattijo ne da ya koma gida bara. Hoton ya koɗe, ba a gane komai sai hula. Yamusa Idi.

"Ka riƙe sunan da kyau," in ji shi. "In an kira, ka juyo."

Na ce na san yadda ake yi.

Bayan ya tafi na ɗauki kwano na juya wa ƙofa baya na fara wankewa, yadda na sa Sale ya yi. Na wanke shi sau uku ina jira a kira Yamusa. Sai na tuna shi Sale ya samu mai kiransa, ni babu.